Yadda ake zaɓen bindigar iska da saita ta don ɓerayen da sunka addabi gida

Salamu alaikum ƴan uwa. Tun ranar da na yi maganar bindigar iska a fada wajen shan shayi mutane ke ta tambaya ta, wanga ya ce wace iri zai saya, wancan ya ce shi ya riga ya sayi tashi amma ko gwangwanin tumatir ba ta samu a taku goma, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta abin da na sani gaba ɗaya kowa ya karanta da kanshi.

Ni dai ba sha'awar farauta ta kai ni ga wanga sha'ani ba. Gidana a Talladje yake nan Yamai, ina da akurkin kaji da ɗan mangaza inda nike ajiye hatsin da ake aiko min daga Tahoua, to ƙarshen wata damina kusu da ɓeraye sunka taso mana haiƙan, buhu ba ya kwana uku lafiya, ƴan tsaki kuma kullum da safe sai an tarar an ja ɗaya. Na sa guba irin ta ƴan talla, washegari kajina biyu na iske a miƙe, bayan kwana biyu magen maƙwabcina ita ma ta mutu, kuma ina da yara ƙanana masu tsintar komi su kai baki. Wallahi ranar jikina ya yi sanyi. Tarko ya kama ƙanana amma manyan sun gane shi. Daga nan ne na koma ga karabin, kamar yadda masu shago ke ce mata.

Kafin ka fidda ko dala, ka fara da hukuma. Wagga aba ko da iska take aiki siffarta siffar bindiga ce, da dare babu mai iya bambanta ta da ta gaske, kuma kowa ya san halin tsaron da ƙasarmu ke ciki, tun 2017 anka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan Tillaberi da arewacin Tahoua wajen Tillia da Tassara. Ka tahi komisariya ko wurin jandarmomi ka ce ga abin da kake son saye ga dalili, su faɗa maka takardar da ake buƙata, in sun ce a'a to magana ta ƙare ka koma ga tarko. In ka saya ka adana faktir, kada ka riƙa yawo da ita a bisa moto, kada ka saƙa ta cikin kaya ka ƙetaro iyaka da ita. Akwai kuma dokar farauta da kare namun daji mai lamba 98-07 ta shekarar 1998, ma'ana tsuntsaye da namun daji ba naka ba ne don kawai sun sauka a bishiyar gidanka. Sannan ka sanar da maƙwabta. Ni da kaina na shiga wurin dattijon da muke katanga ɗaya na ce Baba, in kun ji ɗan ƙara tas da dare ni ne nike fama da ɓeraye, kuma ba zan taɓa juya bakinta wajen gidanku ba. Ya ce to ɗana Allah shi taimaka, ka dai kula da yara.

Na biyu ka tsaya tsakar gidanka ka duba da kyau. Ina ɓerayen ke bi, mita nawa ne daga inda za ka zauna, kuma mi ke bayan wurin? Wagga tambaya ta ƙarshe ta fi duk sauran muhimmanci. Ƙwayar dalma ƴar ƙarama in an harba ta sama tana iya tafiya sama da mita 300, tana huda kwanon rufi, tana fasa ido, in ta samu yaro a wuri mai laushi tana kisa. Katangar laka tana shanye ta, ta siminti kuwa tana maido ta baya ko ta watsa ta gefe. In gidanku gidan haya ne mai ɗakuna goma da mutane na shiga da fita har tsakar dare, gaskiya bindigar iska ba taka ba ce, ka haƙura.

To yanzu irinsu. Akwai mai CO2, wadda ake sa wa ƴar kwalbar gas mai giram 12. Tana da daɗin harbi amma ba ta dace da ƙasarmu ba, don matsin gas ɗin da zafi yake tafiya, a digiri 20 wajen bar 57 ne, da zafi ya wuce digiri 31 sai ya yi ta hawa, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu da rana zafi sama da 40 yake kaiwa, sai ka ga saitin safe dabam na rana dabam, wani lokaci ma ta ƙi tashi sam, ga kwalaben ba kullum ake samunsu ba. Akwai PCP mai tankin iska a jikinta, ita ce sarauniya wajen daidai, ba ta girgiza, amma tana son iska mai matsin wajen bar 200, tayar mota kuwa bar 2 da ɗan wani abu ce, don haka injin mai faci ba zai cika ta ba, dole sai famfonta na musamman, ga tsada ga robobi masu yawa da ƙura ke ci. In har kana da ita ina roƙonka don Allah kada wani ya ruɗe ka ka cika ta da iskar oksijan ta masu walda, fashewa take yi a hannun mutum. Akwai kuma wadda ake bugawa famfo sau uku zuwa goma kafin kowane harbi irin na Crosman, tana da kyau cikin mangaza don kai ke zaɓen ƙarfin, sai dai kafin ka gama bugawa ɓera na biyu ya tsere.

Wadda ni nike ba mutum shawara ita ce mai rasor, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da in an matse shi an saki yake buɗewa da ƙarfi, wadda ake karya bututunta a ɗana. Cikinta rasor ne da fistan, in ka karya ka matse rasor, in ka ja kunama ya saki fistan ya tunkuɗa iska ta fidda ƙwaya. Ba gas ba famfo, kai da gwangwanin ƙwaya kawai. Akwai ƴar uwarta da anka sa wa silinda mai gas a madadin rasor, ba ta da karkarwa sosai, amma ranar da gas ɗin ya zurare ta zama sanda sai an aiko maka da wani daga waje. Sunayen da za ka fi ji su ne Gamo da Cometa na Sifen, Hatsan na Turkiyya, Diana da Weihrauch na Jamus, sai ƴan Sin masu arha. Na Jamus sun fi kyan aiki kuma sun fi tsada nesa ba kusa ba. Ƴan Sin ɗin akwai na kirki a ciki amma sai an tona.

Nan ne inda mutane ke faɗawa rami, wato maganar ƙarfi. Mutum ya shiga shago ya ce a ba shi wadda ta fi kowace ƙarfi, a nuna mishi kwali an rubuta mita 305 ko 360 a daƙiƙa, ya biya yana murna. Wancan adadin yawanci da ƙwaya marar nauyi anka gwada shi, ba irin wadda za ka yi aiki da ita ba. Kuma gudun sauti wajen mita 343 ne a daƙiƙa, ƙwaya in ta kusanci nan sai ta fara tangal-tangal a hanya, in ta wuce shi ta yi ƙara kamar bulala duk unguwa ta ji. Ƙari a kan haka mai rasor mai ƙarfi da yawa tana da nauyi, tana da wuyar ɗanawa, tana zillo a hannu, ƙwayarta ta ratsa ɓera ta wuce ta tahi neman abin da ke baya. Ma'aunin da ya kamata ka duba shi ne jul, wato ma'aunin ƙarfin dukan ƙwaya. Lissafin ba wuya, nauyin ƙwaya a giram ka ninka da gudu ka sake ninkawa da gudu ka raba da 2000. Misali ƙwaya mai giram 0.53 da ke gudun mita 240 ta ba ka jul 15 da ɗoriya. A Ingila iyakar da mutum ke riƙewa ba tare da lasisin bindiga ba wajen jul 16 ce, kuma da ita manomansu ke kashe ɓeraye da zomaye shekara da shekaru. A Faransa daga jul 20 ake fara neman takardu, a Jamus iyakar 7.5 ce, shi ya sa za ka ga wasu da harafin F cikin ɗan gida mai kusurwa biyar. A ganina tsakar gida irin tamu da ba ta wuce mita 10 zuwa 20 ba, jul 10 zuwa 16 ya isa har ya yi saura.

Faɗin ƙwaya kuma biyu ne sanannu, milimita 4.5 da 5.5. Ta 4.5 ta fi miƙewa a hanya, ta fi arha, ta fi samuwa. Ta 5.5 nauyinta ya kusa giram guda, tana tafiya a hankali amma dukanta ya fi, in gafiya ce matsalarka ita ta fi dacewa. Amma kafin ka zaɓa ka tambayi wace ƙwaya ce ake samu kullum a garinku, don bindigar da ba ƙwayarta ado ce kawai. Masu harba ƴan ƙwallayen ƙarfe kuwa ka bar su inda ka gan su, ƙarfe ba ya lotsewa, yana dukan bango ya dawo maka a fuska.

In ka je saye, musamman ta hannu, kada kunya ta hana ka dubawa. Ka riƙe bututun ka girgiza hagu da dama, in yana motsi a mahaɗa akwai aiki. Ka karya ka leƙa cikinsa wajen haske bayan ka tabbatar ba komi ciki, ya kamata ka ga zane yana murɗawa har ƙarshe ba tsatsa. Ka dubi leɓen bakin, in ya taɓa faɗuwa ya lotse ba za ta ƙara yin daidai ba. Ka dubi ƴar robar da ke zagaye da ramin da ake sa ƙwaya, juwan kamar yadda makanikai ke cewa, kada ta zama ta tsage ko ta shafe. Ka ɗana ka saurara, in kana jin ƙurus-ƙurus kamar ana taka tsakuwa wataƙila rasor ya karye. Kuma ka tabbatar makullin kunama yana aiki.

Ka kawo ta gida, to kada ka nufi ɓera a daren. Fara da wurin gwaji. Ka samu kwali babba ka danƙare shi da tsummoki, ka jingina shi da buhun rairayi, ka sa a gindin katanga mai kauri a inda ba ƙofa ba taga. Yara su shiga ɗaki, kaji a rufe su.

Sai wanke bututu. Sabuwa tana zuwa da man masana'anta a ciki. Ka samu zaren kamun kifi mai kauri ka ninka, ka zura daga baki ya fito ta baya, ka saƙala ɗan ƙyallen auduga ka jawo, ka yi ta canzawa har ya fito fari. Kada ka zura waya ko ƙarfen tayar keke, kana ƙarce zanen ciki ka gama da ita.

Daga nan sai bis. Wallahi rabin masu cewa bindigarsu ba ta da saiti matsalarsu bis ne ya kwance. Akwai biyu a gaba gefe da gefe masu riƙe ƙarfen da ƙota, akwai na wajen kunama a ƙasa. Ka samu turnabis da ya zauna daidai ka ɗaure su tamau amma ba har itacen ya tsage ba, kuma ka riƙa dubawa lokaci lokaci don girgizar rasor kullum tana kwance su, lokacin hunturu ma itace yana bushewa ya ja jiki sai ka ga sun yi sako-sako. Wanda ya samu gam ɗin da ke hana bis kwancewa, Loctite mai shuɗi, ya ɗiga ɗigo guda ya huta. Ban da mai ja, shi ba ya kwantuwa sai da wuta.

Wajen ɗanawa akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita. In ka karya bututun, hannunka guda ya ci gaba da riƙe shi har ka sa ƙwaya ka maida, yatsa nesa da kunama. In ya kuɓuce yana dawowa da ƙarfin da zai datse yatsa ya lanƙwasa bututun. Kada ka harba ta ba ƙwaya ciki, fistan zai daki bango ba abin da ya tare shi, roba ta lalace. Kada ka bar ta a ɗane ta kwana, rasor yana gajiya.

Sabuwa kuma sai ta yi harbi ɗaruruwa kafin ta zauna, gwangwani guda mai ƙwaya 500 ka ƙarar da shi a kan kwali ba asara ba ce, ita tana laushi kai kana koyo. Da farko za ka ga ɗan hayaƙi da ƙauri, man ciki ne ke ƙonewa saboda zafin matsin iska, zai daina. Amma wasu na ɗiga man inji ko man keken ɗinki a ramin iska wai don ta ƙara ƙarfi su ji ta yi ƙara kamar ta gaske. Kada ka yi. Man yana kamawa da wuta ne kamar cikin injin gazuwal, ya ƙone robar fistan ya karya rasor. Cikin silinda in ma za a sa, man silikon ne ɗigo guda bayan dogon lokaci. Man inji na mahaɗa ne da shafe ƙarfen waje, musamman da damina. Kuma kada ka kwance bayanta don ka ga rasor, a matse yake ko ba a ɗana ba, in ya fito zai iya fasa maka fuska.

Yanzu riƙo, kuma nan nike so ka natsu don shi ne sirrin mai rasor gaba ɗaya. Lokacin da ka ja kunama fistan ne ke fara tafiya, bindigar ta yi baya, ya kai ƙarshe ta yi gaba, duk wanga yana faruwa ƙwaya ba ta bar bututu ba tukuna. Ke nan in ka damƙe ta da ƙarfi yau gobe ka sassauta, wuri dabam dabam za ta kai. Abin da ake yi shi ne ka buɗe tafin hannunka na gaba ka aza ta a kai kamar ka ɗauko faranti, a wuri guda kullum, ni har ɗan salatif na liƙa a ƙotar don hannuna ya san wurinsa. Gindin ya taɓa kafaɗa a hankali, kunci ya kwanta a hankali, ka bar ta ta yi motsinta yadda take so. Kada ka aza ta kai tsaye bisa bulo ko bakin taga, ka sa matashi ko buhun rairayi, hannunka bisa buhun, ita bisa hannunka. Ka fidda rabin numfashi ka tsaya, ka matsa kunama sannu sannu ba fizga ba, kuma bayan ta tashi ka ci gaba da kallon wurin kamar daƙiƙa biyu kafin ka ɗaga kai. Ni sai da na yi sati biyu ina zargin bindigata kafin na gane hannuna ne, ranar da na sassauta riƙo ƙwayoyi biyar sunka taru wuri guda.

Ƙwaya ita ma kowane bututu da wadda yake so, ko da kamfani guda ya ƙera su. Ka sayi iri biyu ko uku in da hali, masu zagayayyen kai sun fi yin daidai, masu tsini suna da ban sha'awa a ido amma sau da yawa watsewa suke, masu faffaɗan kai kuma suna da kyau a kusa kamar mita 10 don suna duka sosai ba su cika ratsawa ba. JSB da H&N da RWS sunayen ƙwaya ne masu kyau in ka same su. Ka zana ɗigo a takarda, ka harba biyar biyar da kowane iri daga mita 10 kana auna ɗigon nan guda, kada ka damu da ko sun same shi, abin da kake nema su taru. Wadda ta fi taruwa ita ce taka, ka tsaya a kanta kada ka yi ta canzawa. Duk ƙwayar da siket ɗinta, wato buɗaɗɗen gindinta, ya lotse ka ware ta, kuma kada ka sake harba wadda ka tsinto.

Sai sun taru sannan ake taɓa saiti. In da ƙarfen saitinta na asali kake aiki, na baya ake juyawa, kuma inda kake son ƙwaya ta koma can kake kai shi, in tana faɗa ƙasa ka ɗaga shi, in tana zuwa hagu ka kai shi dama. Gaskiya a mita 10 wanga ya wadatar da rana. Da dare ne madubin hange, lunet, ke da amfani. Amma ka sayi wanda anka yi don mai rasor, saboda wancan motsi na baya da gaba yana wargaza cikin madubi ko mai tsada ne in ba don ita anka yi shi ba. Mai 4x32, wato mai ƙara girman abu sau huɗu, ya isa, in ka samu mai zoben gyaran nisa a gaba da ke sauka har mita 10 ya fi, don da yawa an yi su ne don nesa sai ka ga kusa dishi-dishi. Maɗaurinsa ya zama mai ɗan ƙusa da ke shiga rami a bayan bindigar, in ba haka ba zai yi ta zamewa baya. Wajen juya maɓallan, yawancinsu ƙas guda a mita 10 bai kai milimita guda ba, wajen 0.7 ne, don haka in kana son matsar da ƙwaya santimita 2 sai ka ƙirga kusan 28, kada ka juya uku ka ce ba ya aiki. Ka harba uku, ka gyara, ka sake uku.

Ka saita ta a nisan da za ka fi harbi, a ce mita 12 ko 15, sannan ka gwada a 5 da 8 da 20 ka rubuta inda take faɗawa. Abin da ke ba mutane mamaki shi ne a kusa sosai ƙasa take bugawa, don madubin yana sama da bututu da wajen santimita 4, a mita 5 sai ka ga ta sauka da kamar santimita 2, kuma a kan ɓera wanga shi ne bambancin kai da wuya. Kunama kuwa in tana da bis na gyara ka juya kwata kwata kana gwadawa, kada ka mai da ta sako-sako har ta iya tashi da kanta in an bugi gindin.

Ga jarrabawar da na ɗora wa kaina kuma nike ɗora wa duk wanda ya tambaye ni. Ka aza ƙarfen dala goma a takarda ka zagaye shi da biro. In ba ka iya sa ƙwaya biyar a jere cikin wanga zagaye ba daga inda za ka zauna, ba ka kai ga harbin mai rai ba tukuna. Ɓera ɓarna yake yi kuma addini ya halatta kashe shi, amma hadisi ya zo cewa in za a kashe a kyautata kisan, kuma an hana a mai da mai rai abin koyon harbi. Ka harbe shi a ciki ya ja jiki ya shige rami ya kwana biyu yana mutuwa, ka zalunce shi kuma wari ya hana ku zama. Wurin da ake nema kai ne, tsakanin ido da kunne in ya ba ka gefe. In ya faɗi yana shure-shure ƙafa kaɗan wannan jijiya ce, in kuwa yana ƙoƙarin tafiya ka ƙara mishi nan take.

Daren aiki kuma shiri yake so. Ɓera ba ya yarda da sabon abu, don haka ka yi kwana uku kana sa abinci a wuri guda ba ka harbi, a gaban buhun rairayinka daidai nisan da ka saita. Kada ka sa ƙuli-ƙuli ko ƙashin kifi, zai sura ya gudu. Ka shafa tigadege ko tunkuza a jikin katako, dole ya tsaya yana lasa, nan kake samun kanshi a tsaye cik. Ka sa fitila marar ƙarfi tun daren farko su saba, ko ka rufe tocila da jar leda don ja ba ya damunsu sosai. Ka zauna bayan isha'i a kujera, ka yi shiru, ka gaya wa mutan gida kowa kada ya fito sai ka yi magana. Harbi kullum daga sama zuwa ƙasa. Wanda ke gudu bisa katanga ko bisa wayar lantarki ka ƙyale shi ko ya kai girman mage, bayansa gidan mutane ne. Kuma in ba ka ga abin sarai ba kada ka ja kunama, ido mai ƙyalli cikin duhu zai iya zama magen wani.

Jaɓa duk da warinta ƙwari take ci, ka bar ta. Mujiya abokiyar aikinka ce, ɓerayen da take ci a shekara kai ba za ka kashe su ba. Ƙadangare, angulu, jemage, tattabarun maƙwabci, duk ba ruwanka da su. Yara za su roƙe ka su harbi tsuntsu, ka ce a'a tun ranar farko.

Mushen kada ka taɓa da hannu. Ka sa leda a hannu ko ka kwashe da shebur, ka binne da zurfi inda kare da kaji ba za su tono ba, ka zuba ruwan jabel a wurin jinin. Ɓeran gida mai yawan nonuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda anka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno, kuma masu bincike sun samu ƙwayar cutar leptospiroz a jikin ɓerayen lambunan bakin kogi nan Yamai, ta fitsarinsu take yaɗuwa. Dalma ita ma guba ce, kada ka riƙe ƙwaya a baki kamar yadda wasu ke yi, ka wanke hannu da sabuni kafin ka ci abinci, ka tsince waɗanda sunka zuba don kaji na haɗiye su a zaton tsakuwa. In ka gama ka tabbatar ba komi cikinta, in akwai ka harba a buhun rairayi, ka goge ƙura, ka sa ta cikin kaso ka kulle a akwati ko almuwar, ƙwaya a wani wuri dabam, makulli a aljihunka.

Abu guda da bindiga ba za ta yi maka ba shi ne hana wasu zuwa. Macen ɓera sati uku take ɗaukar ciki, in abinci na nan a buɗe kana kashe biyar goma na tahowa daga kwata. Ni sai da na je Katako na sayo gangunan ƙarfe masu murfi na juye hatsin ciki, na toshe ramukan gindin mangaza da siminti haɗe da fasassun kwalabe, na sa raga mai ƙananan ido a ƙasan akurki da bakin magudanar ruwa don ramin da babban yatsa ke shiga ɓera ma yana shiga, dusar kaji kuma ake kwashe ta kafin magariba. Yanzu sai in yi wata biyu ban fiddo karabin ɗin ba, sai in na ga sabon kashi a bayan ganga, in sake duba bis, in harba biyar a takarda in ga ko saitin na nan, sannan in shafa tigadege a katako.